Ousmane Dembele: Gyaran hali ne, ko nasara ce ta rufa masa asiri?

Tun daga daren 22 ga Satumban 2025 da Ronaldinho ya kira sunan Ousmane Dembele a birnin Paris a matsayin wanda ya lashe kyautar Ballon d'Or, labari ɗaya ake ta maimaitawa a jaridu da gidajen kallon ƙwallo: yaro ya yi hankali.

Ana cewa ɗan wasan da a da ba ya zuwa atisaye a kan lokaci, wanda ake zargi da kwana yana buga wasan bidiyo, yanzu shi ne abin misali a Paris Saint-Germain. Shi ke fara bin mai tsaron ragar abokan hamayya da gudu, shi ke komawa baya ya taya 'yan baya aiki, shi ne kuma ya fashe da kuka a gaban duniya yana gode wa mahaifiyarsa.

Labari ne mai daɗin ji, kuma daɗin nasa ne ya sa ya kamata a yi masa tambaya. PSG ta ci Ligue 1, ta ci kofin ƙalubale na Faransa, ta ci Gasar Zakarun Turai karon farko a tarihinta. A irin wannan shekara kowa mutumin kirki ne. Shin Dembele ne ya sauya, nasara ta biyo baya? Ko kuwa nasarar ce ta zo, masu kallo suka sauya idon da suke kallonsa da shi?

Masu shakka suna da hujja

Wanda ya ce bai yarda ba tukuna, ba ƙiyayya ce ta sa shi ba. Tarihin yana nan a rubuce.

A watan Agustan 2017, Dembele yana da shekara 20, ya daina zuwa atisaye a Borussia Dortmund domin ya tilasta wa ƙungiyar ta sayar da shi. Dortmund ta dakatar da shi, sannan ta miƙa shi ga Barcelona a kan yuro miliyan 105, ban da ƙarin wasu kuɗaɗe da aka jingina da ƙoƙarinsa. Barcelona na riƙe da yuro miliyan 222 na cinikin Neymar, kuma ta ba sabon yaron riga mai lamba 11 da Neymar ya cire.

A Nuwamban 2018 bai je atisaye ba, ƙungiyar ta sha wahala kafin ta same shi a waya, koci Ernesto Valverde kuma ya cire shi daga tawagar da ta kara da Real Betis. Bayan 'yan makonni aka sake ba da rahoton ya makara. Manyan 'yan wasa irin su Gerard Pique da Luis Suarez sun fito fili sun ja masa kunne, abin da ba kasafai ake yi wa abokin wasa a gaban 'yan jarida ba. A Oktoban 2019 alƙalin wasa Mateu Lahoz ya ba shi jan kati a karawa da Sevilla saboda baƙar magana. A Yulin 2021 wani tsohon bidiyo ya ɓulla da ke nuna shi yana yi wa ma'aikatan wani otal a Japan ba'a, sai da ya nemi afuwa.

Kada a ce wannan duk ƙuruciya ce ta wuce. A ranar 1 ga Oktoban 2024, wato wata takwas kacal kafin ya ɗaga kofin Zakarun Turai, Luis Enrique ya bar shi a Paris, ya tafi Landan karawa da Arsenal ba tare da shi ba. Kocin ya faɗa a fili cewa ɗan wasan bai cika abin da ƙungiya ke bukata daga gare shi ba. A lokacin Dembele yana da shekara 27, magidanci ne. A ƙarshen Nuwamba kuma ya karɓi katin gargaɗi biyu a gidan Bayern Munich, na farkon saboda gardama da alƙalin wasa, ya bar abokansa su goma, aka ci su 1-0.

To mutumin da aka hukunta a Oktoba, aka kora daga fili a Nuwamba, yaya aka yi ya zama malamin ladabi a watan Mayu? Masu shakka suna cewa amsar a bayyane take: ƙwallaye ne suka fara shiga. Hausawa sun ce hali zanen dutse ne, kuma dutse ba ya gogewa cikin wata shida.

Abin da jerin kwanaki ke nunawa

Hanya mafi sauƙi ta gwada wannan zargi ita ce a duba me ya riga wani. Idan nasara ce ta haifi kyakkyawan hali, dole a ga nasarar ta fara zuwa. A nan ne hujjar masu shakka ta fara rauni.

A koma Janairun 2022. Dembele ya ƙi sa hannu kan sabon kwantiragin da Barcelona ta miƙa masa. Daraktan ƙwallon ƙungiyar, Mateu Alemany, ya fito ya ce a bar musu ƙungiya nan take. An cire shi daga tawaga. Da kasuwar 'yan wasa ta rufe bai tafi ba, koci Xavi ya dawo da shi, magoya baya a Camp Nou suka riƙa yi masa ihu duk lokacin da ya taɓa ƙwallo.

 An riga an yi waje da Barcelona daga Gasar Zakarun Turai tun a matakin rukuni, Real Madrid ta yi mata nisa a La Liga, shugabannin ƙungiyarsa sun nuna masa ƙofa, 'yan kallo na zaginsa. Ɗan wasan da natsuwarsa ta dogara da yabo da nasara, a nan ne ya kamata ya watse. Dembele kuwa a nan ya buga mafi kyawun wasanninsa a Sifaniya. Ya ba da ƙwallo biyu aka ci a wasan da Barcelona ta lallasa Real Madrid 4-0 a Bernabeu a watan Maris, ya ƙare kakar da taimakawa aka ci 13 a La Liga, fiye da kowane ɗan wasa. Barcelona ba ta ci ko kofi ɗaya ba a kakar.

Sannan a dubi kakar da ake ta yabo, 2024 zuwa 2025. Bayan wasa biyar a sabon tsarin Gasar Zakarun Turai, PSG na da maki huɗu, tana matsayi na 25, alhali ƙungiyoyi 24 ne ke wucewa. Kylian Mbappe ya tafi Real Madrid, jaridun Faransa na cewa ƙungiyar ba ta da mai cin ƙwallo. A tsakiyar Disamba, a wasa da Lyon, Luis Enrique ya cire Dembele daga gefen dama inda ya yi rayuwarsa, ya kai shi tsakiya, ya ɗora masa aikin da manyan taurari ke gudu: shi zai fara matsa wa 'yan bayan abokan hamayya, ya yi ta gudu ko da ƙwallo ba ta zo ƙafarsa ba.

Ya karɓi aikin daga hannun mutumin da ya kunyata shi a gaban duniya wata biyu da rabi kafin nan, kuma ya karɓa a lokacin da ƙungiyar ke bakin fita daga gasa.

A ranar 22 ga Janairun 2025 ya shigo daga benci bayan hutun rabin lokaci a karawa da Manchester City. City ta ci biyu cikin 'yan mintoci. Dembele ne ya ci ta farko da ta farfaɗo da PSG, aka tashi 4-2. Mako guda bayan nan ya ci uku rigis a Stuttgart, bayan kwana uku ya sake cin uku a Brest. Shi ya ci ƙwallon da PSG ta doke Liverpool a Anfield a watan Maris, shi ya ci wadda ta doke Arsenal a Emirates a ƙarshen Afrilu.

Duk wannan ya faru kafin a san wa zai ɗauki kofi. Saboda haka idan ana maganar aiki a fili, gyaran ya riga nasara. Ba a musun wannan sai da son zuciya.

Akwai kuma abin da ya fi ƙwallaye nuna gaskiya. A wasan ƙarshe da Inter Milan a Munich, ranar 31 ga Mayu, PSG ta ci 5-0, Dembele bai ci ko ɗaya ba. Ya ba da biyu aka ci. Hoton da ya fi yawo a ranar shi ne wanda ya duƙa a bakin da'irar gidan Inter kamar mai shirin tsere, idonsa a kan mai tsaron raga Yann Sommer, yana jiran a taɓa ƙwallo ya afka. Ɗan wasan da ke neman Ballon d'Or, a wasan da duk duniya ke kallo, ƙungiyarsa na kan gaba da ci da yawa, abin da aka saba gani shi ne ya tsaya gaba yana neman tasa ƙwallon. Luis Enrique ya ce bayan wasan, saboda yadda ya yi aikin tsaro kaɗai ya cancanci kyautar. Gudu irin wannan ba a yin sa don kyamara na minti biyar. Ko dai jiki ya saba tun daga filin atisaye, ko kuma numfashi ya tona asiri kafin minti na 60.

In ɓera da sata

Sai dai labarin "ya yi hankali" yana da wata matsala da masu yabo ba sa son a taɓo. Domin a nuna girman gyaran, sai an ƙara wa tsohon Dembele baƙi fiye da yadda yake.

Babban abin da ya cinye shekarunsa shida a Barcelona rauni ne. A wasansa na farko da aka fara da shi a La Liga, a gidan Getafe cikin Satumban 2017, jijiyar bayan cinyarsa ta tsinke, aka kai shi Finland aka yi masa tiyata, ya yi kusan wata huɗu yana jinya. A Fabrairun 2020 aka sake yi masa tiyata. A Yunin 2021 ya ji rauni a gasar Turai yana buga wa Faransa, aka sake kai shi ɗakin tiyata. Wasannin da ya rasa saboda jinya sun haura 100. Ya buga wa ƙungiyar wasa 185, ya ci 40.

An sha cewa rashin barci da cin abincin da bai dace ba ne suka jawo raunukan. Mai yiwuwa suna da nasu kason. Amma sau da yawa ana faɗin hakan ne kamar hukuncin likita, alhali mafi yawansa rahoton jaridun wasanni ne na Barcelona, waɗanda ke da shafuka da za su cika kullum kuma ke da ɗan wasa mai tsada da ba ya magana da su.

Ita kanta ƙungiyar fa? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A zamansa Barcelona ta yi koci huɗu na dindindin: Valverde da Quique Setien da Ronald Koeman da Xavi. Bayern ta ci ta 8-2 a Agustan 2020. A 2021 shugabanta Joan Laporta ya bayyana cewa bashin da ke kanta ya haura yuro biliyan ɗaya, har ta kasa riƙe Lionel Messi. Philippe Coutinho da Antoine Griezmann, waɗanda kowannensu aka saya sama da yuro miliyan 100, su ma ba su yi abin da aka sa rai ba. Griezmann kuwa duk Turai ta shaide shi da aiki tuƙuru. Idan mai ƙwazo ya gaza a gidan da mai makara ya gaza, to a binciki gidan ma.

Akwai dare ɗaya da ya fi kowane lahani ga sunansa, kuma babu ruwansa da ladabi. A ranar 1 ga Mayun 2019, Barcelona na cin Liverpool 3-0, a daƙiƙun ƙarshe Messi ya ajiye masa ƙwallo shi da mai tsaron raga, ya buga ta a hankali ta faɗa hannun Alisson. Bayan kwana shida Liverpool ta rama da 4-0 a Anfield. Da ƙwallon nan ta shiga, da wataƙila Barcelona ta je wasan ƙarshe, da kuma makararsa ta 2018 ta zama labarin ban dariya da ake tunawa a hira. Ba ta shiga ba, sai ta zama shaidar cewa yaron ba shi da kan gado.

Nan ne masu cewa "nasara ce" suke da gaskiya, ko da yake ba ta fuskar da suke nufi ba. Nasara ba ta sauya ɗan wasan sosai kamar yadda ta sauya masu ba da labarinsa. Dembele mutum ne mai ƙarancin magana tun fil azal. A Barcelona an kira wannan rashin damuwa. A Paris ana kiransa tawali'u. A da in ya yi murmushi bayan ya zubar da ƙwallo, a ce ba ya kishin riga. Yanzu in ya yi, a ce ba ya bari matsin lamba ya taɓa shi. Fuskar dai ita ce.

Masu bibiyar Super Eagles sun ga irin wannan juyin a kan Ademola Lookman, amma ta baibai. Bayan ya ci uku a wasan ƙarshe na Europa League a Mayun 2024, aka naɗa shi gwarzon ɗan wasan Afirka, kowa na ba da misali da natsuwarsa da ladabinsa. A Agustan 2025, da Atalanta ta ƙi sayar da shi ga Inter, ya daina zuwa atisaye, wato daidai abin da Dembele ya yi wa Dortmund shekara takwas baya. Lookman bai zama wani mutum daban cikin dare ɗaya ba. An dai hana shi abin da yake so ne, sai aka ga wani ɓangarensa da nasara ba ta taɓa tambaya ba.

Hannun Luis Enrique

Wani abin da labarin gyaran hali ke ɓoyewa shi ne cewa mutum ba ya gyaruwa a sarari shi kaɗai. PSG ɗin da Dembele ya tarar a Agustan 2023, bayan an saye shi kusan yuro miliyan 50, ba ita ce ta zamanin Neymar da Messi ba. Dukansu biyu sun bar ƙungiyar a bazarar. Shekara guda bayan nan Mbappe ya bi su. Shekaru da dama a Paris tauraro ya fi koci ƙarfi, kowa ya sani, har su kocin. Luis Enrique ne na farko cikin dogon lokaci da aka sakar wa mara, ya hukunta wanda ya ga dama ba tare da an kira shi daga sama ba.

Barin Dembele a gida ranar wasan Arsenal ya jawo wa PSG rashin nasara da ci 2-0, kocin bai janye ba, shugabanni ba su tsoma baki ba. Saƙon ya isa ga kowa a ɗakin sauya kaya. Daga baya kocin ya bayyana matakin a matsayin ɗaya daga cikin mafi kyawun shawarar da ya yanke a kakar.

A Barcelona ma an hukunta shi, amma hukunci ne na ƙungiyar da ta zuba masa kuɗin da ba za ta iya ajiye shi a benci ba. Yau a cire shi, jibi a dawo da shi saboda ana bukatar maki uku. Yaro ɗan shekara 21 yana gane irin wannan da wuri.

Abu na biyu da kocin ya yi ya fi hukuncin muhimmanci. Ya ba shi matsayi. A kakarsa ta farko a PSG, yana gefe yana yi wa Mbappe hidima, ƙwallo shida ya ci a duk gasa. A ta biyu, yana tsakiya kusa da raga, ya ci 21 a Ligue 1 kaɗai, 35 a duk wasannin ƙungiyar. Ɗan wasan da ke bugowa daga nesa bayan ya yanke mutum biyu ya gaji, ba daidai yake da wanda ƙwallo ke samu a cikin da'ira ba. Wani kaso mai yawa na abin da ake kira natsuwa a gaban raga, sauyin wurin tsayawa ne.

Wannan bai rage masa lada ba. An ba 'yan wasa da yawa irin wannan dama sun watsar. Mario Balotelli ya yi aiki da Roberto Mancini da Jose Mourinho, dukansu ba masu wasa da horo ba ne, ya kuma ci kofuna a Inter da Manchester City, amma kofunan ba su hana shi komawa gidan jiya ba. Wannan kaɗai ya isa nuna cewa nasara ba ta gyara mutum da kanta. Amma yana da kyau a faɗi abin yadda yake: Dembele ya gyaru ne a cikin wani tsari da ya dace da shi, a ƙarƙashin kocin da ya mai da shi jigon ƙungiya. Sauƙin biyayya ga wanda ya ɗora ka a gaba daban yake da biyayya ga wanda ya ajiye ka a baya.

Masu kusanci da harkar suna kuma danganta sauyin da aurensa a ƙarshen 2021 da haihuwar 'yarsa. Babu mai iya auna wannan da ma'auni, amma kwanakin sun yi daidai da lokacin da wasansa ya fara daidaita a ƙarƙashin Xavi. Akwai kuma dalili mafi sauƙi da ake yawan mantawa: an haife shi a Mayun 1997. Wanda ya ƙaurace wa atisaye a Dortmund yana da shekara 20, wanda ya ɗaga Ballon d'Or yana da 28. Mafi yawan mutane ba ɗaya suke ba a waɗannan shekaru biyu, ko suna buga ƙwallo ko suna tuƙa Keke Napep.

Jarrabawar da bai zauna ba

Hukuncin da hujjoji suka fi goyon baya shi ne wannan: gyaran gaskiya ne, ya fara tun kafin kofuna, amma bai kai girman da ake ba shi ba, domin tsohon Dembele bai lalace kamar yadda aka zana shi ba, sabon kuma ba a gama gwada shi ba.

An gwada shi da zagin 'yan kallo, ya ci. An gwada shi da hukuncin koci, ya ci. An gwada shi da kunya mafi girma da ɗan ƙwallo zai iya fuskanta: a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2022 a Qatar, shi ya jawo fenaritin da Messi ya fara cin Faransa, Didier Deschamps kuma ya cire shi tun kafin a tafi hutun rabin lokaci. Bai fito ya ɗora wa kowa laifi ba.

Abin da ba a gwada shi da shi ba shi ne girma. Duk waɗancan jarrabawowi ya zauna su ne yana mai neman wanke sunansa. Wanda ake raina yana da dalilin tashi da asuba. Yanzu babu sauran wanda zai ba kunya. Shi ne Bafaranshe na shida da ya ci Ballon d'Or, bayan Raymond Kopa da Michel Platini da Jean-Pierre Papin da Zinedine Zidane da Karim Benzema. Tambayar ita ce ko gwarzon duniya zai ci gaba da bin mai tsaron raga da gudu a wasan Ligue 1 na tsakiyar hunturu a gidan Brest ko Lorient, inda ba kowa ke kallo ba.

A nan misalin Granit Xhaka ya fi dacewa. A Oktoban 2019 ya zagi magoya bayan Arsenal yana fita daga fili a wasa da Crystal Palace, aka ƙwace masa kambun kyaftin. Ya zauna, ya yi aiki a shekarun da Arsenal ta ƙare a matsayi na takwas sau biyu a jere, ya dawo da martabarsa a gaban mutanen da suka yi masa ihu, sannan ya je Bayer Leverkusen ya ci Bundesliga a 2024 ba tare da an doke su ko sau ɗaya ba. Abin da ya sa ba a jayayya a kan Xhaka shi ne tsawon lokacin: shekara biyar, ƙungiya biyu, koci daban-daban, daɗi da wuya. Dembele yana da rabin kaka mai kyau a 2022, da wata shida na ban mamaki a 2025. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, kuma ɗan ƙwallo ba shi da shekara arba'in, amma kaka biyu ko uku ba su yi yawa a nema ba.

Lokutan gwajin ma sun riga sun jeru. Raunin cinya ya dawo a Satumban 2025 yana buga wa Faransa wasa da Ukraine, wanda shi ne ma ya ba shi damar halartar bikin Ballon d'Or yayin da abokansa ke Marseille suna karɓar kashi da ci 1-0 a daren. Idan jiki ya ci gaba da ba shi matsala, a tuna cewa a 2025 Luis Enrique yana da Desire Doue da Bradley Barcola da Khvicha Kvaratskhelia da Goncalo Ramos, kuma ya riga ya nuna ba ya jin nauyin suna. Wata rana zai cire gwarzon duniya a minti na 60 a babban wasa, kyamara kuma za ta bi fuskarsa har benci.

Sai maganar kuɗi. Kwantiragin da ya sa wa hannu da PSG a 2023 na zuwa 2028 ne, kuma ɗan wasan da ya ci Ballon d'Or ba ya zama a kan tsohon albashi. Sau biyu a rayuwarsa ya shiga irin wannan ciniki da ƙungiyar da ke son riƙe shi, a Dortmund a 2017 da Barcelona a 2022, dukansu biyu sun ƙare da rigima a bainar jama'a. Ko tafiyarsa Paris a 2023 ta bar Xavi, mutumin da ya tsaya masa lokacin da kowa ya juya baya, yana cewa bai ji daɗi ba.

Na ƙarshe kuma shi ne tawagar Faransa. A can Mbappe ne kyaftin, shi ne kuma mai tsakiya. Zuwa ƙarshen 2025, Dembele ya buga wa ƙasarsa wasa sama da 50 bai kai ga cin ƙwallo 10 ba. Saboda haka akwai yiwuwar a ce wa wanda ya ci Ballon d'Or ya koma gefen dama, ya yi wa wani gudu, kamar yadda ya yi a shekararsa ta farko a Paris.